Injiniya Mai Dawo da Kala

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya buɗe ɗan shagonsa na gyaran waya da wanke hoto, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofa, kuma tun daga ranar duk wanda ya kira shi da sunansa na yanka sai ya yi kamar da bango ake magana. Mutum ne mai kirki, ba ya riƙe kowa a zuciya, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri nesa ba kusa ba. In ka kawo masa waya ba ta caji, kafin ya kwance ta sai ya ba ka labarin manyan na'urorin da ya taɓa tayarwa bayan masu su sun fid da rai. In ka dawo karɓa za ka tarar tana caji, amma ta daina magana.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Mijin yayar matarsa likita ne, na gaske, mai takarda a bango. A gidan surukarsu Inna, in aka ce Likita ya ce, magana ta ƙare. In aka ce Injiniya ya ce, sai a yi murmushi a ci gaba da hira.

Wata ranar hutu iyali sun taru a falon Inna ana maganar aikin idon da za a yi mata. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara gani dishi-dishi, kuma Likita bai ɓoye ba, ya ce aiki a irin shekarunta ana sa rai ne kawai, ba a yin alkawari. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa ta ajiye a cinyarta.

"Fim ne," in ji ta. "Wani abokin Malam ya ɗauke mu a tsakar gidanmu na farko, shekarar da muka yi aure. Sau ɗaya na taɓa ganinsa. Kafin a taɓa mini idon nan, ina so in ga Malam a cikin rigarsa, yadda take a ranar."

Malam, mijin Inna, ya daɗe da rasuwa, kuma babu wanda ya san da wannan gwangwani. Likita ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce irin wannan fim kalarsa kan koɗe, sai dai a aika da shi wurin masu aikin a wani gari mai nisa, su juye shi a kwamfuta su gyara. Matsalar ita ce ba lallai ya dawo kafin ranar aikin ba.

Injiniya ya yi wata dariya mai sauti. "A aika? Ina zaune a nan? Likita, kai ka tsaya a kan ido, ka bar mini abin da ido zai gani. Inna, wannan ai aikin shan shayi ne. Kala ba gudu take yi ba, barci take yi a cikin fim, ni kuwa na san yadda ake tashinta."

Matarsa ta harare shi ta gefen ido. "Baban yara, shi ke nan fa guda ɗaya a duniya."

"Shi ya sa ba za a ba baƙo ba," ya ce, ya rungume gwangwanin a ƙirji.

Inna ta daɗe tana dubansa da idon da ya rage mata, sannan ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya ji kalmar har tafin ƙafarsa, don bai taɓa samun ko da irin wannan daga bakinta ba.

Washegari kafin ya buɗe shago, duk layin ya ji labari, kuma daga bakinsa aka ji. Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya bar keke ya leƙo. Mai aski ma ya biyo baya da almakashi a hannu. Injiniya ya sa wuƙa ya ɓamɓare murfin gwangwanin, wani tsami ya bugi hancinsu, dukkansu suka ja da baya.

"Wannan fim ne ko kunu ya kwana?" in ji Tela.

"Ƙamshin tsufa ne. Kai me ka sani ban da zare?"

Ya je wurin mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe ya samo wani majigi da ya fi shi shekaru, ya goge shi da man keken Tela, ya ɗaura zaren fim ɗin, ya rufe ƙofa ya kunna. Majigi ya yi tari, ya yi gurnani, haske ya faɗa a bango. Sai ga mutane suna tafiya da kai a ƙasa ƙafa a sama, kuma da baya da baya suke tafiya. Wata kaza ta ratsa ta sama tana tofar da tsaba.

"Ikon Allah," in ji mai aski. "Ashe mutanen da haka suke yawo."

"Gwaji nake yi," in ji Injiniya. "Dole ka fara duba fim ta baya, don ka san inda ya nufa."

Da ya juya faifan, mutane suka sauko ƙasa. Ga tsakar gida, ga igiyar shanya, ga wani dogon saurayi cikin babbar riga yana dariya yana gyara hula, ga wata siririyar yarinya tana ɓoye fuska a bayan wani kwano. Amma komai ja ne. Sama ja, bango ja, bishiya ja, kaza ja, kai ka ce a cikin tukunyar jan rini aka ɗauki fim ɗin.

Injiniya ya kashe majigi. Ya shafa gemu, ya ce ya gano cutar. Farin kaya in ya fara ja me ake yi masa? A tsoma shi a bula. To fim ma ai haka ne, shuɗinsa ne ya ƙare, sai a ƙara masa.

"Injiniya, wannan fa ba singileti ba ne," in ji Tela.

"Ilimi ɗaya ne, kai dai ka zuba ido."

Allah ya taimaka bai tsoma faifan gaba ɗaya ba. Ya karɓi almakashin mai aski ya datse ɗan guntu daga ƙarshe, ya kaɗa bula da ruwan ɗumi da garin sabulu a roba, ya jefa. Da ya ɗago shi zuwa haske, hoton ya zame ya gangara kan yatsansa kamar majina, ya bar leda fara tas.

Tela ya leƙa. "Wa ke cikin wannan guntun?"

"Kazar ce."

"Allah ya jiƙanta. Ta sha wanka kafin ta tafi."

Daga nan aka koma maganar juye fim ɗin a kwamfuta. Bangon shagon duk tabon hannu ne, don haka ya lallaɓa gida ya zare zanen gadon matarsa daga igiya, ya kafa shi da ƙusa. Ya jingina wayar wani direba da aka kawo gyara a kan gwangwanin madara, don ta fi tasa ɗaukar hoto, ya kunna majigi. Da aka duba abin da waya ta ɗauka, sai ga Malam da furanni a kumatu, amarya da ganye a goshi, saboda zanen mai furanni ne kuma Injiniya bai ga wannan a matsayin matsala ba sai yanzu. Bai gama bayani ba matarsa ta faɗo shagon.

"Zanena! Da ƙusa? Baban yara, ƙusa ka buga wa zanena?"

"Maman yara, tarihi ake yi a nan."

"Tarihin ya sayi nasa zanen." Ta fizge abinta ta fita, ta bar kusurwa ɗaya a jikin ƙusa.

Tela ya ji tausayinsa ya ara masa farin yadin wani mai ɗinki. Aka sake farawa. Ana tsakiyar ɗauka wayar direba ta ɗauki ƙara, ta yi ta rawa a kan gwangwani har ta faɗo, sai ga direban da kansa a bakin ƙofa, da wayar aro a kunne, yana tambayar yadda aka yi wayar da aka ce masa tana kwance gunduwa-gunduwa take amsa kira. Kafin a gama ba shi haƙuri majigi ya shaƙe, hoton ya tsaya cak, wani ɗan ɗigo ya bayyana a jikin bishiya ya fara faɗaɗa yana baƙi. Tela ya yi tsalle ya zare wayar wutar majigin daga bango. Hayaƙi ya tashi siriri.

Wannan karon Injiniya bai ce gwaji ba ne. Ya ɗago zaren fim ɗin, ya ga ƙunar ta tsaya a bishiya, ba ta taɓa Malam ba. Ya zauna a ƙasa ya share gumi, ya tuna idon Inna guda ɗaya yana dubansa, tsoro na gaske ya kama shi. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ce dama bishiyar ta cika wuri.

A karo na gaba aka dace, fim ya shiga kwamfuta lafiya, ja-wur yadda yake. Saura dawo da kala. Injiniya ya nemo wani bayani a waya, inda wani gwani ke koyar da aikin. Gwanin ya ce sirrin shi ne ka nemo abu ɗaya a cikin hoton da ka tabbata fari ne, ka nuna wa kwamfuta shi, ita kuma za ta auna yawan jan da ya hau kansa ta cire irin wannan daga ko'ina. Ya fara cewa, "Amma ka kiyaye…" Injiniya ya kashe. Shi ba ya son mai dogon surutu.

Abu fari? Ai ga shi nan ya cika rabin hoto. Ya ɗora alama a kan babbar rigar Malam ya danna. Nan take riga ta yi fari fat, jan ya washe, ya buga tebur ya ƙwala wa Tela kira.

Abin da ya manta, ko ya saba da shi har ya daina gani, shi ne allon kwamfutar tasa ya daɗe da ciwo. Tun da ya faɗo daga tebur komai a cikinsa ja-ja yake fitowa, har farar takarda. A wannan allon kuwa aikin ya yi kyau matuƙa, har Tela ya riƙe baki ya ce yau dai ya sara masa.

Da ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, matarsa ta ce, "Ka tambayi Inna kalar rigar?"

"In tambaya? Mutum mai daraja irin Malam, ranar ɗaukar fim, wace riga zai sa in ba fara ba? Kuma so nake ta gani kwatsam."

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa, an ji, an gode."

Ranar nuni, da la'asar, falon Inna ya cika har baranda. Iyali kawai aka ce, amma Injiniya ya gayyaci Tela, mai aski, direba, mai kayan ƙarfe, da duk wanda ya gaishe shi a hanya. Aka rataya barguna a tagogi. Ya ɗauko akwatin kwamfutarsa a ka, ya haɗa da babbar talabijin ɗin da Likita ya saya wa Inna, aka jawo kujerarta gaba sosai. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, akwai masu gyara ido, muna girmama su. Amma ido ba komai ba ne in babu abin kallo. Abin da aka ce sai an kai wani gari, yau a layinku aka yi shi. Duk kalar da za ku gani, haka Allah ya yi ta a ranar, ban ƙara ba ban rage ba."

Ya danna.

Malam ya bayyana cikin riga fara sol, da fuska koriya shar kamar ganyen ayaba. Ya yi dariya, haƙoransa kore. Amarya ta leƙo daga bayan kwano, ita ma koriya. Bango kore, ƙasa koriya, sama kamar ruwan kududdufi, kazar da ta sha da kyar daga bula ta ratsa tana sheƙi kamar aku.

Wata jika ta fashe da kuka ta ɓoye a bayan uwarta. Mai aski ya ce, "Inna lillahi, ashe Malam ya yi jinya." Direba ya tambaya ko a ƙarƙashin ruwa suka yi zaman aure. Tela ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Likita, wanda bai cika magana ba, ya ce a hankali, "Da an kawo mini shi a haka, da ban bar shi ya koma gida ba."

Falon ya ɓarke da dariya.

"Talabijin ce!" in ji Injiniya. "Likita, wannan talabijin taka ba ta da lafiya!"

"Jiya muka kalli labarai a cikinta," in ji yayar matarsa. "Mai karantawa ba kore ba ne."

Injiniya ya durƙusa ya hau taɓe-taɓe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ja wani abu, Malam ya koma ruwan goro. Ya tura wani, amarya ta zama shuɗiya, sama ta yi ruwan ɗorawa. Ya sake dannawa, komai ya dawo kore, ya ma fi na farko. Direba ya ce a bar shi haka, ya fara sabawa. Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya kasa ko waiwayar kujerar Inna.

Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta miƙa wuya tana ƙifta ido, sai ta buga sandarta a ƙasa, kowa ya yi shiru.

"Wa ya wanke rigar?"

Injiniya ya juyo a durƙushe. "Inna, ai fara ce, na dawo da ita yadda…"

"Wa ya ce maka fara ce? Fara aka saye ta. Satinmu na farko na haɗa ta da jan zanena a baho ɗaya, ta fito ruwan hoda, kalar leɓen jariri. Na zauna ina kuka, na ce yau zan koma gidanmu. Malam ya shigo ya ɗaga ta, ya duba gaba ya duba baya, ya zura abarsa. Abokinsa ya zo da na'urar ɗaukar fim yana masa tsiya, ya ce masa ai wannan ce sabuwar kalar da manya ke sawa a birni, shi ne dai bai waye ba. Haka ya yi ta sa ta har ta yage." Ta nuna talabijin da sandarta. "Ita na ce ina so in gani. Farar riga ai kowa yana da ita."

Matar Injiniya ta yi masa kallon ai-na-faɗa-maka.

Da kyar ya buɗe baki, muryarsa ta koma ƙarama. "Inna, kwamfutar tana buƙatar abu ɗaya da yake fari na gaskiya. Ni na nuna mata rigar. Ko akwai wani abu a ciki da kuka tabbata fari ne?"

Wannan ce tambaya ta farko da aka taɓa jin ya yi a gidan.

"Kwanon da ke hannuna," in ji Inna. Ta juya ga matar Injiniya. "Ke, shiga ɗaka, yana saman kabad."

Aka fito da shi, farin kwano mai shuɗin baki, ya ɗan ɓantare a gefe, amma fari tas. Injiniya ya duba na hannu, ya duba na cikin talabijin. Ya maido da fim ɗin jansa na asali, ya tsayar da shi daidai inda amarya ta ɗaga kwano, ya ɗora alama a kai, ya danna.

Sama ta yi shuɗi. Bishiya ta yi kore, ita kaɗai wannan karon. Fuskoki suka koma na mutane, zanen amarya ya fito ja, shi ne mai laifin da kansa. A tsakiya kuma ga dogon saurayi cikin babbar riga ruwan hoda, yana buɗe hannuwa yana juyi don a gan shi da kyau.

Inna ta tashi ba tare da sanda ba, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ɗora tafin hannu a kan rigar. Hawaye na bin kumatunta tana dariya. "Ga ta nan. Ku dube shi, kamar shi ya ƙirƙiro kalar."

Injiniya ya ji numfashinsa ya dawo, kuma tare da numfashin bakinsa ma ya dawo. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "To jama'a, kun gani ko? Dama na fara nuna muku koren ne don ku san bambanci tsakanin…"

Matarsa ta taka masa ƙafa.

Inna ta juyo tana share ido da gefen mayafi. "Ƙyale shi. Haka Malam yake, bai taɓa yin kuskure ba sai dai sabuwar kala. Ranar da wannan ya fara zuwa gidan nan yana zuba, na ce wa zuciyata, ga wani ya dawo. Kuna tsammani don iya gyaran waya na ba shi 'yata?"

Tela ya saki dariyar da ya daɗe yana dannewa, har da buga cinya, ya rantse gobe zai sayi koren fenti ya gyara rubutun saman shago. Injiniya bai san ko yabo aka yi masa ko zagi ba, ya dai ji wani abu mai ɗumi ya cika masa ƙirji.

Inna ta koma kujerarta ta gyara zama, ta rungume kwanon a cinya.

"Injiniya," ta ce, kuma yau ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta, "maido mini shi daga farko. Amma ka zauna a kan hannuwanka."

Ya kunna, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya, bai zare su ba har fim ya ƙare.